Malam Aminu Kano: Jagoran talakawa da jam'iyyun da suka mulki Nijeriya

Sau biyu ana aza harsashin jam'iyyar da za ta kafa gwamnatin Nijeriya da Malam Aminu Kano a wurin, kuma duka biyun ya tattara nasa ya nasa ya fice tun kafin a kai ga cin moriyarta.

Ta ukun, wadda ya kafa da hannunsa, ta ci gwamnoni biyu a zaɓen 1979, amma tun ba ta cika shekara biyu a kan mulki ba ta dare gida biyu.

Shi kansa ya shafe fiye da shekara 30 a fagen siyasa ba tare da ya zama firimiya ko gwamna ko shugaban ƙasa ba. Duk da haka da wuya a ba da tarihin jam'iyyun NPC da NPN, waɗanda suka mulki Jamhuriya ta Ɗaya da ta Biyu, ba a yi ta cin karo da sunansa ba.

Gidan malamai

An haifi Aminu a watan Agustan 1920 a unguwar Sudawa da ke cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali, kuma ya fito daga zuriyar Gyanawa, Fulanin da aka san su da ilimi da alƙalanci a masarautar Kano.

Ya fara karatun Alƙur'ani a gida, sannan ya shiga makarantar Shahuci da Midil ta Kano, daga nan ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda ita ce tsohuwar Kwalejin Katsina da ta yaye akasarin 'yan bokon Arewa na farko.

A 1942 aka tura shi koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi. A can ya tarar da Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa, ya kuma shaƙu da Malam Sa'adu Zungur, malami kuma mawaƙi, wanda ya fi kowa tasiri a kan tunaninsa na siyasa.

A Bauchi ne aka kafa wani zauren tattaunawa inda 'yan boko da ma'aikatan En'e da Turawan mulki kan zauna su yi muhawara a kan al'amuran yau da kullum. Zauren bai yi tsawon rai ba. Daga cikin abubuwan da suka kawo ƙarshensa har da tambayar da Malam Aminu ya yi a bainar jama'a game da ma'aunin da ake bi wajen yanka wa sarki albashi.

A 1946 ya sami gurbin ƙaro ilimi a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar London, inda ya yi cuɗanya da 'yan jam'iyyar Leba masu ra'ayin gurguzu da kuma ɗaliban wasu ƙasashen da ke neman 'yanci. Da ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. Daga bisani hukuma ta mayar da shi makarantar horar da malamai ta Maru, a jihar Zamfara ta yanzu, kuma daga can ya ajiye aikin gwamnati a ƙarshen 1950.

Salama da Sawaba

Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta zama NPC, ta faro ne a matsayin ƙungiyar al'adu ta 'yan boko, ƙarƙashin Dokta R. A. B. Dikko. A babban taronta na Kaduna a 1949 Malam Aminu da Sa'adu Zungur duk sun sami muƙamai a cikinta.

Ranar 8 ga watan Agustan 1950 wasu matasa takwas, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin, suka kafa NEPU a Kano, wato Jam'iyyar Neman Sawaba. Da farko sun so su yi aiki daga cikin Jam'iyyar Mutanen Arewa, amma a taron Jos na watan Disamban wannan shekarar aka raba gari, domin masu ra'ayin mazan jiya sun ga cewa muddin ana tafiya da 'yan NEPU, sarakuna ba za su taɓa amincewa da ƙungiyar ba.

Malam Aminu ya bi NEPU, ya kuma zama shugabanta a 1953. Ita kuwa NPC an ayyana ta a matsayin jam'iyyar siyasa a watan Oktoban 1951, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Tafawa Ɓalewa suka shigo suka karɓi ragamarta. Alamarta fartanya, kirarinta Salama. NEPU kuma tauraro da Sawaba.

Zaɓen 1951 ya nuna yadda tafiyar za ta kasance. A matakin farko NEPU ta yi rawar gani a birnin Kano da wasu garuruwa, sai dai zaɓen hawa-hawa ne, kuma doka ta bai wa En'e damar cusa mutanenta a matakin ƙarshe. Da aka kammala, ko mutum guda NEPU ba ta kai Majalisar Kaduna ba.

Ƙarfin NPC bai tsaya ga farin jinin Sardauna ba. A yawancin lardunan Arewa jam'iyyar da En'e tamkar Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Hakimin da ke ba da izinin taron siyasa, da dagacin da ke rubuta haraji, da ɗan dokan da ke kama mutum, da alƙalin da zai yanke masa hukunci, da gidan yarin da za a kai shi, duk a ƙarƙashin hukuma ɗaya suke, kuma shugabannin wannan hukuma su ne jiga-jigan jam'iyya mai mulki.

A cikin birni ɗan NEPU yana iya samun lauya ko ɗan jarida ya ji kukansa. A gundumomi masu nisa irin su Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda a lokacin suke ƙarƙashin masarautar Kano, abin ya fi tsanani. Manomin da ke ƙauye kamar Kangire ya san cewa katin jam'iyyar adawa na iya jawo masa ƙarin haraji, ko sammaci a kan laifin zagin sarauta, ko bulala da ɗauri. 'Yan NEPU da dama a faɗin Arewa sun sha wannan, ciki har da Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta yi ta shiga gidan yari tana fita.

A Kano kuma an sami gungun 'yan bangar da ake kira 'Yan Mahaukata, masu tarwatsa tarukan NEPU, ita ma NEPU ta tanadi nata samarin.

Abin da Malam Aminu ya riƙa faɗa wa talakawa bai da sarƙaƙiya: su daina durƙusa wa mai mulki saboda tsoro, su ƙi aikin tilas, su nemi rasit idan sun biya haraji, su sa 'ya'yansu mata a makaranta. Da yake malami ne mai tafsiri, ya kafa hujjojinsa da Alƙur'ani da rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu, abin da ya sa zargin da abokan hamayya ke yi wa NEPU na raina addini bai kama shi ba. Yana cikin waɗanda suka fara buɗe makarantun Islamiyya na zamani a Kano, ya kuma dage a kan bai wa matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, abin da bai tabbata ba sai a ƙarshen shekarun 1970.

Sai dai ita ma NPC tana da tata hujjar, kuma ba ƙarama ba ce. Ta ce Arewa tana baya a ilimin boko, idan ta rarrabu 'yan Kudu za su mamaye aikin gwamnati da kasuwanci. A kan wannan ta gina manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati, ta kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da Bankin Arewa. NEPU kuwa ba ta da kuɗi, ta dogara da ƙawancenta da NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, wannan ya sa aka sami saukin yi mata fentin 'yar koren 'yan Kudu.

Malam Aminu ya faɗi zaɓen tarayya na 1954 a hannun Maitama Sule, wanda aka fara tafiyar NEPU da shi kafin ya koma NPC. Ya sake faɗuwa a zaɓen majalisar yanki na 1956.

Ɗan adawa a ɓangaren gwamnati

Sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta Legas. A zaɓen NPC ta sami kujeru 134 daga cikin 312, ƙawancen NCNC da NEPU ya sami 89, takwas daga ciki na NEPU ne, Action Group ta Cif Obafemi Awolowo kuma 73.

NPC da NCNC suka haɗu suka kafa gwamnati. Ta haka shugaban NEPU ya tsinci kansa a ɓangaren gwamnati a Legas, da muƙamin mai tsawatarwa a majalisa, alhali a gida jam'iyyar da yake zaune da ita tana ɗaure magoya bayansa. Bai karɓi kujerar minista ba, kuma ya wakilci Nijeriya a tarukan Majalisar Ɗinkin Duniya, amma wannan zama ya rage wa NEPU kwarjini. A zaɓen yanki na 1961 kujera ɗaya tak ta samu.

Ɓarakar da ta fi girgiza NPC a Kano daga cikin gida ta fito. A 1963 gwamnatin Sardauna ta tilasta wa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi yin murabus bayan binciken kuɗin En'e, aka kai shi Azare. Magoya bayansa suka kafa tasu jam'iyyar ta mutanen Kano, suka haɗa kai da NEPU, wato jam'iyyar da ta fi shan wuya a zamanin sarautarsa. Duk da haka a zaɓen 1964 Malam Aminu ya rasa kujerarsa.

Juyin mulkin ranar 15 ga watan Janairun 1966 ya yi sanadin mutuwar Sardauna da Tafawa Ɓalewa, sojoji kuma suka rushe jam'iyyu gaba ɗaya.

A gwamnatin Janar Yakubu Gowon, Malam Aminu ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya, daidai da minista a yau, na sadarwa daga 1967, sannan na lafiya daga 1971 zuwa 1974. A wannan zamani ne aka ƙirƙiro jihar Kano, aka kuma karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna. Wani babban ɓangare na abin da NEPU ta yi shekara 15 tana nema da ƙuri'a, sojoji ne suka zartar da shi da dokar soja.

Daga NPN zuwa PRP

Lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ɗage haramcin siyasa a watan Satumban 1978, Malam Aminu yana cikin ƙungiyar manyan 'yan siyasar da ta rikiɗe ta zama NPN. Tsofaffin 'yan NPC ne suka fi yawa a cikinta, kuma da aka zo rabon muƙamai sai aka ware masa sakataren yaɗa labarai. Magoya bayansa suka ɗauki wannan a matsayin cin fuska. Ya fice, aka ƙaddamar da PRP a watan Oktoba, da alamar mabuɗi da kirarin Nasara.

Hukumar zaɓe ta FEDECO ta so hana shi takarar shugaban ƙasa a kan batun takardun haraji, kotu ta wanke shi. A zaɓen ranar 11 ga watan Agustan 1979 ya sami kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙuri'un ƙasar, amma a jihar Kano, wadda ta haɗa da Jigawa ta yau, ya kwashe kusan kashi uku cikin huɗu.

Waɗannan ƙuri'u na Kano su ne suka jefa ƙasar cikin shari'ar zaɓe mafi shahara a tarihinta. Doka ta ce sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya cika wannan sharaɗi a jihohi 12, amma a Kano ya tsaya a ƙasa kaɗan da kashi 20 cikin 100. Lauyan NPN, Richard Akinjide, ya ce kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, saboda haka abin da Shagari ya samu a Kano ya wadatar. Awolowo ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari nasara ranar 26 ga watan Satumba, kwana biyar kafin rantsuwa.

PRP ta sami sanatoci 7 da 'yan Majalisar Wakilai 49, cikinsu har da wani matashi daga Birnin Kudu, Sule Lamido. Ta ci gwamnan Kaduna da Alhaji Balarabe Musa, da na Kano da Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, wanda aka tsayar bayan hukumar zaɓe ta hana ɗan takarar farko, Injiniya Salihi Iliyasu.

Gwamnonin biyu suna hawa suka soke haraji da jangali. Ga wanda bai ga zamanin ba, abin zai yi kama da ƙaramin sauyi a tsarin kuɗin shiga. Amma haraji shi ne abin da ke sa magidanci ya sayar da hatsinsa da kaka da araha, ko ya gudu ci-rani, jangali kuma shi ne ke sa Bafulatani ya kwana a daji yana ɓoye shanu. Ta hanyarsu ne kuma dagaci da hakimi ke riƙe da wuyan talaka. Ba a jima ba wasu jihohin suka bi sahu. Gwamnatin Rimi ta kuma kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya, da jaridar Triumph, ta mayar da ranar ma'aikata ta 1 ga watan Mayu ranar hutu a 1980.

Santsi da Taɓo

Rikicin ya taso ne daga tarukan da gwamnonin PRP suka shiga yi da takwarorinsu na UPN da GNPP, su tara, da sunan gwamnonin ci gaba. Shugabannin jam'iyya suka ga cewa tarukan share fage ne ga burin Awolowo, suka umarci gwamnonin su daina zuwa. Gwamnonin suka ƙi, suna zargin wasu na kusa da Malam, musamman sakataren jam'iyyar S. G. Ikoku, da neman kai PRP ga ƙawance da NPN.

A 1980 aka kori gwamnonin daga jam'iyyar. Su kuma suka kafa nasu ɓangaren ƙarƙashin tsohon shugaban ƙwadago Michael Imoudu. Mutanen Kano suka raɗa wa ɓangarorin suna: 'yan Santsi su ne waɗanda suka zame suka bi gwamna, 'yan Taɓo kuma waɗanda suka kafe tare da Malam. Hukumar zaɓe ta amince da ɓangaren Malam a matsayin halastacciyar PRP.

A ƙarƙashin wannan taƙaddama akwai tambayar da NEPU ba ta taɓa fuskanta ba, domin ba ta taɓa mulki ba: wa ke da ta cewa, jam'iyya ko gwamnan da ke riƙe da baitulmali? Malam Aminu yana da tarihi da farin jini, gwamnoni kuma suna da kwangila da muƙamai da gidan rediyo, ga kuma ƙuruciya. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana koya wa na ƙasa ya ce a'a ga na sama, sai ga shi almajiransa sun ce masa a'a, shi kuma ya mayar da martani da kora. Masu sukarsa na ganin a nan ya gaza, masu kare shi kuma na cewa jam'iyyar da ba ta iya tsawata wa gwamnanta ba ta riga ta mutu.

Farashin ya yi tsada. A Kaduna, inda NPN ke da rinjaye a majalisa kuma ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, an tsige Balarabe Musa ranar 23 ga watan Yunin 1981, gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya. A Kano gwamnatin Rimi ta ƙirƙiro sababbin masarautu, ciki har da Dutse da Gaya da Rano, sannan ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma. Ranar 10 ga watan Yulin 1981 tarzoma ta ɓarke, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe mai bai wa gwamna shawara kan siyasa, Dokta Bala Muhammad. Kafin shekarar ta ƙare majalisar jihar ta tsige mataimakin gwamna Ibrahim Bibi Faruk, wanda ke ɓangaren Malam.

Malam Aminu yana shirin sake tsayawa takara a 1983, har ya zaɓi mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiya, sai Allah ya yi masa rasuwa ranar 17 ga watan Afrilun 1983 yana da shekara 62. An binne shi a gidansa na Gwammaja. Bai bar dukiyar a zo a gani ba.

Bayan wata huɗu ɓangarensa ya kayar da Rimi, wanda ya koma NPP, Alhaji Sabo Bakin Zuwo ya zama gwamna ya kuma soke sababbin masarautun. Wata uku kacal ya yi, sojoji suka kifar da gwamnatin Shagari ranar 31 ga watan Disamba.

Magada

Almajiran Malam sun watsu cikin jam'iyyun da suka biyo baya. Da aka ƙirƙiro jihar Jigawa ranar 27 ga watan Agustan 1991, gwamnanta farar hula na farko, Ali Sa'ad Birnin Kudu, ɗan SDP ne, jam'iyyar da akasarin tsofaffin 'yan Santsi suka shiga, kuma Sule Lamido ya zama sakatarenta na ƙasa. Birnin Kudu da Gwaram suna ƙarƙashin masarautar Dutse, wadda aka maido da ita bayan samun jihar.

A 1998 Rimi da Lamido suna cikin waɗanda suka kafa PDP tare da tsofaffin 'yan NPN, jam'iyyar da ta mulki Nijeriya daga 1999 zuwa 2015. Lamido ya yi gwamnan Jigawa daga 2007 zuwa 2015 yana kiran kansa ɗan gidan Malam, a Kano kuma Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ya ɗauki jar hula da fararen kaya irin na Malam ya mayar da su alamar tafiyarsa.

Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na birnin suna ɗauke da sunansa, haka ma wani dandalin taro a Dutse. Gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mambayya, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Daga cikin littattafan da ya bari akwai Motsi Ya Fi Zama da kuma tarihin malaminsa Sa'adu Zungur.

Ita kuwa PRP, Balarabe Musa ya farfaɗo da ita a Jamhuriya ta Huɗu, ya kuma jagorance ta shekaru da dama kafin rasuwarsa a watan Nuwamban 2020. Tun daga zaɓen Sabo Bakin Zuwo a 1983 ba ta sake cin kujerar gwamna ba.